Yadda banki ya sallame ni na koma mai gyaran tuƙa-tuƙa

Ranar da aka sallame ni daga banki ba mutum ne ya fara gaya min ba, kwamfuta ce. Na shigo wajen bakwai da rabi kamar kullum, na zauna na saka lambar sirri ta ƙi buɗewa, na sake ta ƙi, na ɗauka ko netwok ne yake halin nasa, sai na ɗaga kai naga wata abokiyar aikinmu can gefe itama tana ta buga nata tana tsaki, muka haɗa ido, shikenan kowa ya gane. A 2016 ne, shekarar da tattalin arziki ya durƙushe bankuna suka yi ta rage ma'aikata, mu kuma 'yan kwantiragi dama a bakin ƙofa muke zaune. Abinda har yau yake bani mamaki, da na fito na tsaya bakin titi ina jiran adaidaita ba baƙin ciki na fara ji ba, wani irin sauƙi naji sai kace an sauke min buhun siminti daga ka. Kunyar sai daga baya tazo, da na tuna yanzu zan shiga gida Umma ta ganni ƙarfe tara na safe da nektayi a aljihu.

Ni fa kanikancin injina na karanta a poli, har HND. Na yi bautar ƙasa a jihar Oyo, sansaninmu Iseyin, lokacin alawi 19,800 ne, na dawo Kano na zaga da takardu har takalmina ya cinye, sai wani ɗan uwa ya samo min wannan aikin ta hannun kamfanin da yake ɗaukar wa bankin ma'aikata. Aka sa ni a maketin. Wanda bai sani ba, maketin a banki yana nufin a baka taget, kaza miliyan zaka kawo kafin ƙarshen wata, inda zaka samo su kuma wannan matsalarka ce. Da aka shigo da TSA a 2015, gwamnatin tarayya ta kwashe kuɗaɗenta daga bankunan kasuwanci ta mayar babban banki, sai wutar ta dawo kanmu gaba ɗaya, mitin ɗin safiyar Litinin ya zama kamar zaman kotu, a karanto sunanka a karanto abinda ka kawo a gaban kowa.

Akwai wani wuni da bana mantawa. Na zauna a benci a shagon wani Alhaji a Kantin Kwari tun bayan azahar har aka kira la'asar, cikin kwat, gumi yana bin bayana, dilolin atamfa suna ta wucewa a kan 'yan dako, ni kuma abu ɗaya kawai nazo roƙo, Alhaji don Allah ka bar kuɗin nan su kwana a asusu zuwa ɗaya ga wata. Yana ta lissafi da kalkuleta ko kallona bai yi ba, can yace yaro kuɗin kasuwa ai basa kwana, ya sa aka miƙo min fiya wata ya haɗa min da kuɗin mota. Na karɓa fa. A hanya nake ce wa kaina yau meye bambancina da maroƙi, shi maroƙi ma yana da kalangu. Kuma ko da Alhajin ya bari, ɗaya ga wata lissafin zai koma sifili a sake sabon lale. Wata ashirin da wani abu nayi a haka kuma wallahi ba zan iya nuna maka abu ɗaya nace ga aikin hannuna ba.

Toh bayan sallama sai zaman majalisa. Nan ne na shiga abinda nake kira haukan neman kai. Na cika wayata da bidiyon wasu mutanen Amurka a YouTube masu cewa ka nemo abinda zuciyarka take so ka bishi kuɗi zasu biyo baya, har littafi na saya na ja layi a tsakiya, gefe ɗaya abinda nake so gefe ɗaya abinda na iya. Gefen abinda nake so bayan kwana uku ina tunani abinda na rubuta shine ƙwallo, shayi, da barcin bayan asuba. Na cike N-Power mai dubu 30 ban dace ba. Na zuba ɗan abinda aka bani na sallama a kiwon kaji, zafin bazara da wata cuta suka kwashe fiye da rabi cikin sati ɗaya. Na gwada saida takalma, abokai suka cinye da bashi. Baba dai baya cewa komai, rannan ne kawai bayan magariba yace kai kana ta tambayar zuciyarka ne, ita kuma bata taɓa yin komai ba balle ta san me take so, ka yi istihara ka fita ka kama duk abinda ka samu. A lokacin haushi naji, na ɗauka bai fahimci zamani bane.

Cikin bazarar 2017 aka yi mana rasuwa a ƙauyen su Umma can wajen Gumel, na kaita ta'aziyya. Garin tuƙa-tuƙa ɗaya ne dasu, kuma wata huɗu kenan da lalacewarsa. Yara mata tun asuba suke fita da jarkoki zuwa wani ƙauye, basa dawowa sai rana ta take, makaranta kuwa ba a ma maganarta, gidan makoki ga baƙi ga babu ruwan alwala sai an auna a buta kamar man gyaɗa. Kwana na biyu sai ga wani dattijo a kan tsohon babur da akwatin ƙarfe ɗaure a baya, ashe an samu an haɗa kuɗi saboda kunyar baƙi an kira mai gyara. Ya buɗe kan famfon ya cire sarƙa yace a bashi matasa huɗu masu ƙarfi, hannu ɗaya baya ɗaukar jinka. Ni zaman tabarma ya isheni sai na tashi na naɗe hannun riga.

Bari na ɗan yi bayanin yadda abin yake don a gane. Yawancin tuƙa-tuƙan da ake gani a ƙauyukanmu iri biyu ne. Akwai India Mark II, wanda aka ƙirƙiro a Indiya cikin shekarun 1970 da taimakon UNICEF, da ƙanensa Mark III, sai kuma Afridev wanda aka fara aikinsa a Malawi da Kenya a shekarun 1980. Hannun da kake tuƙawa yana jan rodi ne dogo da ya sauka cikin fayif har ƙasa inda silinda take cikin ruwa, a cikin silindar akwai roba da take tura ruwan sama, a gindinta kuma akwai bawul da yake hana ruwan komawa. Kowane fayif mita 3 ne, ana ɗaura su ɗaya kan ɗaya, wani wurin goma wani wurin sun fi, don irin waɗannan famfunan suna iya ɗago ruwa daga zurfin mita 45. Matsalar Mark II itace duk ƙanƙantar abinda ya lalace a ƙasa sai an zaro fayif ɗin nan gaba ɗaya, na ƙarfe ne, cike da ruwa, a ɗago a maƙale a kwance ɗaya a ajiye, a sake ɗagowa. Shi Afridev anyi masa dabara, rodin kawai zaka zaro robar ta biyo shi, fayif ɗinsa na roba ne yana nan a zaune.

Na garin su Umma Mark II ne. Muka fi awa biyu muna ɗagawa, tafin hannuna ya yi ruwa ya fashe. Da silinda ta fito dattijon ya kwance ta a kan buhu, ya zaro wasu robobi guda biyu baƙaƙe kamar murfin kofi, sun cinye sun zama kamar tsohon silifas, ya ɗaga ya nuna wa mai unguwa yace ranka ya daɗe ga ɓarawon naku. Na tambaye shi nawa ake saidawa, kuɗin da ya faɗa bai kai katin da nake sawa a waya a sati ba lokacin ina banki. Wata huɗu. Yara sun bar makaranta wata huɗu saboda wannan. Na tsaya ina juya robar a hannuna, duk abinda aka koya mana a aji na matsin ruwa da bawul da famfo wanda na haddace don jarrabawa na zubar, sai gashi a tafin hannuna yana warin tsatsa. Da aka mayar aka tuƙa ruwa ya fara fitowa ja sannan ya washe, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa a gidan makoki fa, sai da aka ce mata Iya a yi haƙuri.

Kar wani ya ɗauka a ranar na gano manufar rayuwata, ƙarya ne in nace haka. Abinda naji kawai shine abin ya burgeni kuma bani da aikin yi. Na bi dattijon har gindin babur nace Baba ina so na koya. Ya kama hannuna ya juya ya kalli ƙurajen yayi dariya yace wannan ai hannun biro ne. Nace na karanta injina a poli, yace toh Injiniya, in ka ga dama ran Asabar ka sameni a tasha. Tun daga ranar sunan ya bini, da farko tsokana ce. Shi tun zamanin KNARDA, hukumar raya noma da karkara ta jihar Kano, ya koyi aikin, lokacin da ake ta haƙa burtsatse a ƙauyukan tsohuwar jihar Kano kafin a cire Jigawa a 1991, babu takardar makaranta ko ɗaya a hannunsa amma in ya kama hannun famfo ya tuƙa sau uku zai gaya maka ciwon.

Kuma abin koyuwa ne ba tsafi ba. In hannun ya yi sakayau babu nauyi ko kaɗan, rodi ya kwance ko sarƙa ta tsinke. In da nauyi amma ruwan kaɗan kaɗan yake zuwa, roba ta cinye. In da safe sai anyi ta tuƙi kafin ruwa ya iso amma da rana lafiya lau, toh ruwan yana zurarewa cikin dare, ko bawul ɗin ƙasa ko wani fayif ya huje. In hannun yana rawa gefe da gefe yana kuka, boris ne. In ruwan yana fitowa ja yana ɓata tuwo da farin kaya, fayif ɗin ƙarfe ne yake tsatsa. Lafiyayyen famfo in ka yi masa tuƙi 40 a minti ɗaya ya kamata ya baka wajen lita 15, ni da bokiti da agogon waya nake gwadawa, shi oga da ido. Har ƙasar ma sai da ya koya min, wajen Kazaure da Dutse da Birnin Kudu dutse ne a ƙasa ruwan a tsaga yake, in rani ya yi nisa wasu rijiyoyin ja baya suke, amma in ka nausa gabas wajen Haɗeja yashi ne, ruwa akwai sai dai yashin ya yi ta cin roba.

A gida kuwa ba a ji daɗi ba. Umma bata hana ba amma in ƙawayenta suka tambaya sai tace yana harkar ruwa, bata ƙarasawa. Wani kawuna yace duk bokon nan da aka kashe wa kuɗi a ƙare a ɗaukar sifana bayan wanda ko firamare bai yi ba. Yarinyar da nake nema tun ina banki, gidansu suka fara cewa a dakata tukunna a ga kamun ludayina, dakatawar da har yau ba a dawo ba, ta yi aurenta Allah ya basu zaman lafiya. Ba zan ɓoye ba akwai ranar da na hango wani tsohon abokin aikina a mota a kasuwar Ƙofar Ruwa ina ɗauke da fayif a kafaɗa, na juya na shige wani lungu har ya wuce.

Wata takwas da farawa na tafka ta'asar da ta kusa korata daga sana'ar. Oga yana kwance da zazzaɓi aka kira daga wani ƙauye, nace Baba ka huta zan iya. Ƙaramin sani ƙuƙumi. Muka fara zarowa da matasan garin, an cire uku lafiya, a na huɗu ina ta surutu ina yi musu bayanin yadda bawul yake aiki don su san Injiniya ne yazo, ban ƙara ɗaure maƙalin da yake riƙe fayif a bakin rijiya ba. Ina kwance na sama kawai naji wani suuuu, sannan can ƙasa wani dum da naji shi a cikin cikina. Fayif bakwai da rodi da silinda duk sun tafi. Wurin yayi tsit, yaran da suke ta hayaniya da jarkoki suka yi shiru, mai unguwa ya matso a hankali ya leƙa ramin ya kalleni yace Injiniya, lafiya dai ko? Wallahi da ƙasa zata tsage da na shige na bi fayif ɗin. Kafin nazo famfonsu yana bada ruwa kaɗan kaɗan, yanzu na mayar dashi babu gaba ɗaya, kuma in abin ya ƙi fitowa an rasa rijiyar kenan sai dai a haƙa sabuwa, kuɗin da garin kaf ba zasu iya haɗawa ba.

Zuciyata tace hau babur ka gudu, ba wanda ya san gidanku. Na dai daure na kira oga, ina jiran zagi, yayi shiru sannan yace guda nawa, nace bakwai, yace kar ka bar garin. Washegari ya iso da rawar sanyinsa da wani ƙarfe da ya sa mai walda ya haɗa masa, mai baki kamar mazurari da haƙora a ciki, muka ɗaura shi a rodi muka riƙa zurawa muna lalube a duhu mita talatin da wani abu, abinda ake ce wa kamun kifi. Kwana uku. Na saida wayata na riƙa biyan masu amalanke suna kawo wa garin ruwa, a masallaci nake kwana, kuma abinda ya fi bani kunya kullum da daddare sai an aiko min da tuwo daga gidan mai unguwa. Rana ta uku bayan la'asar oga yana riƙe da rodin ido a rufe sai yace tsaya, ya murɗa kaɗan, yace ya kama, ku ɗaga a hankali kamar kuna ɗaga jariri. Da bakin fayif ɗin ya leƙo na zauna a cikin taɓo na kasa tashi. A hanyar dawowa abinda yace kawai shine nima na taɓa jefawa a 1980 da wani abu, sha ɗaya ma, daga yau in kana ɗaure maƙali ka rufe bakinka.

Abin dariya, abinda na tsana a banki shi ya zo ya zama nawa gudummawar a sana'ar. Oga komai a ka yake riƙewa, ni kuma an saba min da rubuta komai da bibiyar kwastoma, sai na sayi littafi mai bangon kwali na buɗe wa kowane famfo shafi kamar asusu, sunan gari, irin famfon, fayif nawa, ranar da aka canza roba, lambar wanda za a kira. Sai na fara kiran mutane kafin abin ya lalace, ranka ya daɗe robarku ta kusa shekara ya kamata a duba kafin bazara. Kuma roƙon Alhazan Kwari ya cire min kunyar maganar kuɗi, zan zauna gaban dattawan gari nace kowane gida ya riƙa ajiye ɗan wani abu duk ranar kasuwa, don famfo kamar babur ne, wanda baya cin gyara bai wanzu ba. Inda aka damƙa kuɗin a hannun mata abin yafi tafiya, wannan na gani da idona, akwai wata Iya da take ajiye nasu a gwangwanin madara a ƙarƙashin gado, ko mai gari ne yazo rance sai tace masa Allah ya baka haƙuri na ruwa ne.

Anan zan ɗan yi ƙorafi. Mutanenmu suna son sadakar ruwa kuma suna da hujja, Sa'ad bin Ubada da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi Annabi (SAW) wace sadaka ce tafi aka ce masa shayar da ruwa, Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Amma kowa sabuwa yake so ya haƙa, a kafa allo da sunan marigayi a ɗauki hoto a tura wa 'yan uwa a WhatsApp, bayan shekara biyu ka dawo ka tarar da allon yana nan famfon kuma awaki ne suke kwana a gindinsa. Masu bincike a kan ruwan karkara sun daɗe suna cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, tsakanin ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku na irin waɗannan famfunan basa aiki a kowane lokaci. Akwai garin da na ƙirga matattu huɗu da alluna huɗu. Kuɗin haƙa ɗaya zai tada matattu da yawa, amma gyara bashi da allo shi yasa ba mai so.

Wurin da abin ya canza min gaba ɗaya ba wurin daɗi bane. Daminar 2021 aka yi annobar kwalara, a faɗin Najeriya waɗanda ake zaton sun kamu sun haura dubu 100, fiye da mutum 3,000 suka rasu, kuma Jigawa da Kano da Bauchi suna cikin inda tafi tsanani. Wani ƙauye suka kirani famfo ya tsaya, ni kuma ina binsu kuɗin gyaran baya sun yi ta min yawo da hankali, sai nace a raina bari su ɗan ji a jikinsu, na ja kwana huɗu. Da na isa na tarar sun koma ɗiban wata buɗaɗɗiyar rijiya da ruwan sama yake gangarawa ciki, kuma ƙofar gida biyu an shimfiɗa tabarmin zaman makoki, ɗaya yarinya ce 'yar shekara shida. Babu wanda ya ce min komai, gaisheni ma suka yi da sannu da zuwa Injiniya. Ajali dai na Allah ne na sani, amma gyaran nan bai ɗaukeni minti arba'in ba, noti ne ya kwance a rodi na farko. Na zuba kulorin na jira na tuƙa har warin ya fita, na hau babur, a hanya sai da na tsaya gindin wata bishiya don bana ganin gabana sosai.

A banki in ban je aiki kwana huɗu ba abinda zai faru shine lamba ta ragu a allo. A ranar na gane yanzu ina aikin da in ban je ba akwai wanda zai sha ruwan kududdufi, kuma abin da nake ta nema a YouTube ashe ba daɗi ne dashi ba, nauyi ne. Tun daga lokacin na sa wa kaina doka, in damina ta faɗi ko ana bina ko ina bi sai na fara tada famfo sannan a yi rigimar kuɗi. Wasu sun cinye min, har yanzu akwai shafuka a littafin da jan biro. Da aka yi ambaliyar 2022 a yankin Haɗeja kusan wata guda muka yi muna bin famfunan da ruwa ya shanye muna wankewa muna zuba kulorin, rabin aikin kyauta.

Maganar kuɗi kuma don kar na yaudari kowa, shekara biyun farko abinda nake samu bai kai albashin banki ba, kuma albashin bankin ma dama ba wani abin kirki bane. Sai da na haɗa da aikin sumo, wato famfon lantarki da ake zurawa cikin burtsatse, da tanki sannan na fara numfashi. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da 200 ta haura 500, masu burtsatsen janareta suka rasa yadda zasu yi, kowa ya koma neman sola, ni kuma dama na riga na koyi haɗa fanel, nan ne Allah ya buɗa. Yanzu ina da ɗan shago da yara uku, ɗaya ma mai digiri ne, na yi aure, Umma kuma ta koma cewa ɗana ne Injiniyan ruwa har da ƙarin gishiri. Tuƙa-tuƙa ba shi yake ciyar dani ba yanzu, sola ce, amma littafin nan mai bangon kwali na uku nake ciki kuma ban iya barinsa ba. Akwai ranakun da nake tsanar aikin fa, bayana yana ciwo, ka yi tafiyar awa biyu a yashi a ce maka mai ajiyar kuɗin ya tafi kasuwa.

Kuma bana cewa aikin banki ne bashi da amfani. Wannan abokin da na ɓuya masa a Ƙofar Ruwa har yanzu yana can, mun haɗu a wani ɗaurin aure na bashi labarin ɓuyan muka yi ta dariya, yace shi abinda yake riƙe shi tsofaffin 'yan fansho ne da suke zuwa BVN ya rikice musu ko yatsa ya ƙi hawa na'ura, in ya warware musu suka tafi suna sa masa albarka ranar barci yake da daɗi. Shi yana ganin fuskar wanda aikinsa ya taɓa, ni a maketin lamba kawai nake gani. Ƙanina da ya gama bautar ƙasa bana ya zo yana min irin maganar da nayi a 2016, wai Yaya ni har yanzu ban gano abinda nake so ba, na buɗe baki zan yi masa dogon bayani sai naji muryar Baba tana shirin fitowa daga bakina, na fasa, nace gobe ka shirya zaka rakani wani gari.

Oga ya tsufa yanzu baya hawa babur, idonsa ɗaya ya yi yana, akwatin ƙarfen nan yana shagona da ƙarfen kamun kifin a ciki, sau biyu na sake amfani dashi amma ba ni na jefa ba. Aikin goben Mark II ne, fayif goma sha biyu, tun jiya na aika yaro Ƙofar Ruwa ya sayo roba ya dawo yana ce min ta ƙara kuɗi. Ɗazu bayan isha'i oga ya kira, ban san wa yake kai masa labari ba, ko gaisuwa bamu gama ba yace Injiniya naji gobe zaku zaro, nace eh Baba, yace toh ka ƙara ɗaure maƙali, kuma ka ce wa ƙanen naka ya rufe bakinsa.